Kwana Goma Sha Ɗaya a Ɗa'ifa

Ran da na miƙa makullin ofis
hannuna bai yarda ya buɗe ba.
Shekara tara yana riƙe da waya biyu,
ɗaya a kunne, ɗaya a cinya tana kuka:
motar alhazai ta mutu a hanyar Mina,
direba ya ɓace, tsohuwa ta ɓace,
kai Tanimu, ina kake?
Ina nan. Kullum ina nan.
Na zama rijiyar da kowa ke zura wa guga,
ba mai leƙawa ya ga ko da sauran ruwa.

Ba ciwo ba ne da likita zai taɓa.
Wata safiya dai na tsaya da buroshi a hannu
na manta me ake yi da shi.
Na yi azahar, na sallame,
ban san raka'a nawa na kai wa Ubangiji ba.

Sai na hau dutse.
Hanyar Hada tana murɗewa kamar hanjin rago,
birai a bakin titi suna kallon motoci
kamar su ma sun taɓa aikin albashi suka bari.

Goggo Tasalla ba ta tambaye ni komai ba.
Ta shimfiɗa mini katifa kusa da taga,
ta jefa wayata cikin tulun da ba ruwa,
ta rufe da faifai.
Kwana uku ina barci kamar wanda aka biya.
Ina farkawa da bugun zuciya,
ina laluben ƙarar da babu ita.
Shiru ma, ashe, sai an koya.

A na huɗu ta tashe ni kafin asuba ta waye,
muka tafi gonar wardi inda take tsinka da kwando.
Sanyi ya ciji yatsuna.
Ta ce, a hankali, ba a fizga,
kuma in rana ta fito an gama,
abin da ya rage na gobe ne.
Na ce, in ba a gama ba fa?
Ta dube ni kamar na yi tambaya da wani yare.

Na ci rumman ɗaya tun daga hantsi har la'asar,
ƙwaya ƙwaya,
ba wanda ya mutu saboda haka.
Na ɗinke aljihun rigata.
Na tuna sunan ɗan ƙanwata na biyu.
Ran na takwas na yi dariya,
har na waiga in ga ko wane ne.

Jibi Jidda.
Sito ne na magunguna kusa da tashar jiragen ruwa,
sabon shugaba, sabon kati mai hotona
da na ɗauka tun idona bai faɗa ba.
Ba zan ce na warke ba,
icen da ya sha gatari ba ya tohuwa ran da aka yi ruwa.
Tsoro na nan, ya dai rage tsawo.

Goggo ta ciro wayar daga tulu,
ta goge ta da gefen mayafi.
Kira arba'in da bakwai.
Ta ce, ga kayanka.
Na sa a aljihun da na ɗinke,
ban kunna ba tukuna.
Akwai sauran shayi a buta,
kuma hazo bai gama sauka daga dutsen ba.