Baƙin Cikin Sauro

A Kisumu, kafin masunta su jawo taru,
Awuor ta riga ta duƙa kan madubin ƙara girma.
Sauro ashirin da biyar ta rufe jiya
a kwalbar da aka shafe da guba.
Sha tara suka tashi garau,
suna ta busa mata sarewa.

Da tsinke ta farke cikin guda.
Hanjin bai kai gashin ido ba,
amma gari ne, cike maƙil
da ƙwayoyin halitta, baƙin da ba sa biyan haya.
In guba ta shigo, su tare ta a ƙofa,
su tauna, su lashe baki,
mai gida ko gezau.

Ashe ciki ba don jini kaɗai aka yi shi ba.

Da magariba ta koma Nyalenda.
Ɗanta na kwance, jiki rau,
kakarta Nyangweso na ɗinke hujin gidan sauro.
"Me kika gano yau?"
"Ba shi kaɗai muke yaƙa ba, Kaka."

Tsohuwa ta kai wa damtsenta mari,
ta duba tafin hannu.
"To, wannan dai ya tafi da baƙinsa."