Faifan da Ya Zo da Mota

Motar daga Kwatano ta zo, ta sha hannu uku,
na tarar da faifai a ciki, mai ita ya manta.
A bangon, wani dattijo, furfura har gira,
ya ɗora yatsu kan fiyano
kamar mai taɓa goshin jika mai zazzaɓi.

Ba na jin yarensa.
Amma in na hau gadar Yamai da magariba,
kogin Isa kwance ja wur,
raƙumi ya tare hanya da tabarmi,
sai in sa waƙa ta huɗu.
Ganga a sannu, jita ba ta gardama,
shi kuwa ya miƙa murya sama, ba ta kai ba,
ta tsage kamar tsohon tulu.
Haka ya bar ta. Bai sake ɗauka ba.

Tsahara mai kifi, da na ɗauko a Gamkale,
ta ce, "Direba, matarsa ce ta rasu?"
Na ce ban sani ba.
Ta ce, "To, wani abu dai ya rasu."
Ta miƙo dala arba'in, ta sauka,
ta ɗan tsaya riƙe da ƙofa.

Waƙa ta bakwai tana da tabo.
Nan yake in'ina, kalma ɗaya, kalma ɗaya.
Yaron gareji ya ce in jefar,
zai loda mini sababbi a waya.
Na ce ya bari.
Shekara talatin ina kan sitiyari,
gwiwata ma haka take yi da safe.
Na san maganinsa:
akwai wani rami a hanyar Yantala,
in na taka shi, faifan ya zabura,
tsohon ya ci gaba daga inda ya tsaya.