Allurar Iya Tasalla

Ran sadakar bakwai muka buɗe adakarki.
Babu zinariya, babu turmin atamfa ko ɗaya,
sai wuyan riga da aikin aska ya tsaya a rabi,
allura na soke a inda kika bar ta,
zaren tsamiya na reto, yana jiran yatsa.

Kafin ladanin Kusfa ya gyara murya
kin riga kin hura wuta.
Gyaɗa na tsalle cikin yashi mai zafi,
taɓarya na gaisawa da turmi,
mu muna juyi kan tabarma.
Ƙamshin tunkuza ke tashinmu, ba zakara ba.

An ce shekarar da Malam Tanimu ya faɗi
a gonar rake, bakin Galma, bai sake tashi ba,
ya bar miki biyar, na goye bai yi haƙori ba.
Kika gama takaba ran Laraba,
ran Alhamis kika ari kasko.

Kwalba goma sha biyu ta mai,
ƙuli cike da daro,
Kawu Jatau ya ɗauka a ka,
ya fita ta Ƙofar Doka zuwa Tudun Wada.
In ya dawo ki ƙirga canji sau biyu,
na biyun kina kallon idonsa.

Ba ki da sauƙi, Iya, kada a yi miki ƙarya a bayanki.
Muciyarki ta san gadon bayan kowa a gidan nan.
Na taɓa cewa na gaji,
kika ce, "To, canza hannu."
Amma ke ce mai ɓoye mini ƙanzo a ƙasan kwano,
ki ce kaji ne suka rage.

Da dare aikin wani ne:
rigar da ba ki san mai sa ta ba,
kina zana mata ƙawa a hasken fitilar ƙwai.
Manya sun shiga taro da kwanakin idonki a ƙirjinsu,
ba wanda ya tambayi sunan mai hannun.

Da yana ta rufe ido, likita a Shika ya ce a ajiye allura.
Kika juyo gare ni, kika ce,
"Tambaye shi, shi zai biya kuɗin jarrabawarki?"
Daga ranar na sami aiki:
kowace magariba in zura zare a allura goma,
in jera miki a gefen matashi.
Sauran kuwa yatsunki sun haddace.

A ƙasan adakar, cikin tsohuwar leda,
mun sami rasiɗan makaranta, damin guda,
na 'ya'ya da na jikoki, ba wanda ya ɓata.
Ba ki karanta boko ba,
rabinsu kai a ƙasa kika jera,
amma kin ɗaure su da zaren da ya fi kowane tsada.
Kawu Jatau, da furfurarsa, ya fita zaure bai ce komai ba.

Yanzu ina koyarwa a Samaru.
Man gyaɗa a shago nake saye, ba ya ƙamshin komai.
Na ɗauko wuyan rigar na zo da shi gida,
na gwada ƙarasawa, na soki yatsa sau uku,
layina ya karkace kamar hanyar akuya.
Na warware. Na bar miki abinki.

Jiya takwararki ta tambaye ni,
"Wa zai gama wannan?"
Na rasa amsa.
Na lashi bakin zare, na ɗaga allura wajen taga,
na zura, na miƙa mata.

Allah Ya sa kin huta, Iya,
ko da yake na san ki:
in akwai tsintsiya a can, kin riga kin nemo ta.