Kekuna Biyu

Shekara talatin da ɗaya ina taka keke a Zango
ban gusa ko kamu ɗaya ba.
Allura ta hau, allura ta sauka,
yadi yana wucewa ƙarƙashin tafina,
ni ina nan, bango a gabana, kalandar bara a jikinsa.

Likita ya dubi takarda, ya dube ni.
"Ma'azu, jininka ya hau. Sai ka motsa."
Na ce ai tun asuba nake motsi.
Ya ce, "Ƙafarka ce ke tafiya, kai ta bar ka a kujera."

Na ari na surukina Kiyari,
baƙi, tsoho, ƙararrawarsa ta daɗe da yin shiru,
sarƙarsa kuwa ba ta iya riƙe sirri.
Lahadi bayan sallar asuba na ɗaure goran ruwa a baya.
Duwatsun Birni suna zaune bisa juna
kamar ƙunshin kayan da masu su suka manta ba su karɓa ba.
Na gaishe su, na bi gudro, gabas.

Tudun farko ya tambaye ni shekaruna.
Na yi masa ƙarya, ya gane.
Gwiwa ta fara lissafi, huhu ya fara roƙo,
kamyon albasa ya wuce ya bar mini hayaƙi da wari,
ɗan kamasho yana ihu, "Baba, ina za ka?"
Da ina da numfashi da na gaya masa.

Sai gangara.
Wayyo, gangara! Ba wanda ya taɓa ce mini
akwai aikin da ake daina takawa ya ci gaba da kansa.
Iska ta cika rigata, na zama tanti mai gudu,
na yi dariya ni kaɗai har akuyoyi suka juyo.

Mirya ta tarye ni da kukoki masu ƙugun gwarzaye,
da ƙamshin lambu da aka shayar da sanyin safiya.
Gaba kuma gawo ya soma fitar da ganye
daidai lokacin da kowa ke zubar da nasa.
Na ce, ɗan'uwa, ashe kai ma a makare ka fara.

Kafin Hamdara ƙayar aduwa ta same ni.
Ni da nake toshe ɓarakar mutane,
na ja keke da hannu zuwa gindin tsamiya
inda Ɗan Jimma ya nutsa roba cikin kwano
yana jiran kumfa ta tona asiri.
Facinsa ya karkace. Na gani, na haɗiye.
Dala ashirin, da addu'a kyauta.

Rana ta kai tsaka, tudu ya bi tudu,
na daina ƙirga su.
Can sai kawunan dabino suka leƙo daga kwari,
goriba, rake, ayaba,
sannan ruwan Gidimuni,
a shimfiɗe, dogo, shuɗi,
shaddar da almakashi bai taɓa ba.
Hannuna ya tafi wuya neman awo.
Na baro shi gida, rataye a ƙusa.

Wata yarinya, Cima, ta sayar mini da gaɓa uku na rake.
Na zauna, ƙafafuna cikin ruwa suna rawa da kansu,
belbela na tsaye gefe ba ta ce mini komai ba.

Komowa, ba zan ɓoye ba, a saman mota muka dawo,
ni da keken, tsakanin buhunan tattasai.

Litinin na koma kan na ƙarfe mai zama wuri ɗaya.
Elhaji Mato ya ɗaga rigarsa ga haske,
ya ce, "Wannan ɗinkin ya ɗan lanƙwasa."
Na duba. Gaskiyarsa.
Kwanar nan ce ta bayan Hamdara,
inda ake fara hango ruwa.