Kaurin Tikiti

A ɗakin ƙarƙashin gidanmu na Husum,
inda warin gam ya kori warin dankali,
babana Hinnerk na zaune,
bargo a gwiwa, hannuwa na rawa.
Shekara talatin da ɗaya ya yi wa layin dogo bauta
cikin ruwa, cikin dusar ƙanƙara.
Yau dogon da ya rage masa
bai kai faɗin yatsa biyu ba.

Shi ne ido, ni ce hannu.

“Wiebke, kar ki taɓa ƙarfe tukuna.
Jirgi ba ƙarfe yake takawa ba,
abin da ke ƙarƙashi yake takawa.”

Na kafa ƙusa a tsakiyar faifan katako,
na ɗaura zare, na ɗaure fensir a bakinsa,
ya zagayo kamar akuya a turke
yana zana iyakar igiyarsa.
Na tsaga ɓawon itace gida biyu,
irin wanda ake toshe bakin kwalba,
na shafa gam, na kwantar da rabi a bin zane,
rabi na bin sawun ɗan'uwansa.
Muka danne da gwangwanayen wake
da tsohon dutsen gugar mamata.
Kwana guda cur ba mu leƙa ba.
Ya ce gam ba ya son a tsaya masa a ka.

Washegari na goge da samfefa.
Ya miƙo tafi, ya lumshe ido, ya shafa.
“Akwai tudu nan.”
Na duƙa, na duba, ban ga komai ba.
“In ke ba ki gani ba, tarago zai gani.”
Na sake gogewa
har ƙura ta hau gashin girata.

Da na zo haɗa ƙarfe da ƙarfe
na matse bakinsu, ko iska ba ta ratsawa,
na ɗago ina jiran yabo.
Sai tsaki.
Ya laluba aljihun rigar sanyi
ya zaro wani tsohon tikiti,
Husum zuwa Niebüll,
an huda shi tun ban san kaina ba.
“Rage ƙarfen. Sa wannan tsakani.
Ki bar musu kaurin tikiti.
In zafi ya zo ƙarfe miƙa yake yi,
wanda bai sami wuri ba
karkacewa zai yi, ya kayar da jirgi.”

Na riƙe zarto ban yanka ba.
Shekara tara ban taka gidan nan ba,
don a da ko kaurin tikiti bai bar mini ba.
Ya sani. Na san ya sani.
Tukunyar ɗumama gida na ta huci a kusurwa,
ita kaɗai ke magana.

Na yanka.

Sai tsakuwa, ƙanana kamar gishiri,
cokalin shayi ɗaya bayan ɗaya.
Na share da buroshi tsakanin 'yan katakai,
na ɗiga ruwan gam, ɗigo, ɗigo,
ya yi fari kamar madara, ya nutse.
Wata ƙwaya ta maƙale a cikin ƙarfe,
ya nuna da haɓa, na cire da allura.

Ranar Lahadi muka kunna wuta.
Baƙin kan jirgi, bai fi tsawon tafina ba,
ya yi gyaran murya, ya taso,
ya sha kwana bai ko girgiza ba.
Da ya iso mahaɗa sai muka ji: ƙas.
Tarago na bi: ƙas, ƙas.

Baba ya karkato kunnen da ke ji.
“Wannan numfashi ne,” in ji shi.

Layin bai zagayo ba tukuna,
ya tsaya cak a bakin teburi
kamu biyu kafin bango.
Na kashe wuta kafin jirgi ya kai ƙarshe.
Ya miƙo mini tikitin, hannu na rawa:
“Riƙe. Akwai sauran mahaɗa goma sha ɗaya.”