Sau Ɗaya Tak

A Tartu kogi ya daskare tun Disamba.
A hawa na biyu, saman shagon burodi,
Leelo da Vahur sun kwana uku suna ja-in-ja
kan kalma guda a harshen kwamfutar da suke ginawa.

Gurbi ne ake buɗewa a ƙwaƙwalwar inji,
a raɗa masa suna, a zuba masa lamba,
sannan a ce: daga yau ido ya gani, hannu ya kauce.

Vahur ya ce, a layin da aka kira sunan
a nan za a cika shi, kada a ɗaga zuwa layi na gaba.
Gurbi mai suna, ciki wayam,
rami ne da aka shimfiɗa wa tabarma.

Leelo ta ɗora kofin shayi a kan takardarsa.
Ta ce, lambar da ba a sani ba tukuna fa?
Farashin da sai banki ya amsa,
zafin ɗaki da sai ma'auni ya farka ya faɗa?
Bar shi ya jira.
Sharaɗina ɗaya: duk hanyar da umarni ya bi,
ta "idan" ko ta "in ba haka ba",
sai ta zuba kafin wani ya leƙa.
Sau ɗaya. Sifili laifi, biyu laifi.

To wa zai tsare ƙofa?

Nan Vahur ya yi shiru, ya murza ido.
Ya tuna wani hunturu, tukunyar ɗumama makaranta,
iyakar zafi da aka rubuta "kada a taɓa"
da manyan baƙaƙe, cikin sharhi,
wani ya taɓa.
Wayarsa ta yi kuka ƙarfe uku na dare.
Ya ce, gargaɗi roƙo ne, inji ba ya jin kunya.
Mafassarin da ke juya rubutunmu zuwa yaren inji
shi zai ƙi, tun manhaja ba ta tashi ba.
Ba a fafe gora ranar tafiya.

Suka yi musabaha. Saura ƙiris a kashe fitila.

Sai Sirje, ɗalibar da ta zo koyon aiki,
wadda tun Litinin ba a ji muryarta ba,
ta juyo da allonta.
Ta kulle jerin sunaye kamar yadda suka ce,
sannan ta cusa sabon suna a cikin jerin.
Mafassari bai ce uffan ba.
Ta ce a hankali, kun kafe lambar gidan,
amma kujerun ciki kowa na ja.

Vahur ya cire hular da ya riga ya sa.

A daren abu ɗaya kawai suka gama:
saƙon da mai kuskure zai gani.
Vahur ya rubuta "Haramun".
Leelo ta goge, ta sa:
"An riga an zuba a layi na arba'in da ɗaya."
Ta ce mutum ne zai karanta, kuma a gajiye yake.

A ƙasa an kunna tanda.
Tambayar Sirje na jikin bango da jan alli:
kullewar ta tsaya a ƙofa,
ko ta bi har ƙuryar ɗaki?
Wani ya ja layi biyu a ƙarƙashinta.