Dawowa

A Valparaiso, kan tudun da gidaje suka goyi juna,
Ximena kan buɗe gidan reno
tun jiragen masunta ba su dawo ba.

Amaro ba ya kuka.
Uwa ta dire shi, hannunta da ƙarnin kasuwa,
ta gangara matakala saba'in ba waiwaye,
shi kuma ya nufi lungu, ya jera tubalan katako.
"Yaron kirki," in ji kowa.
Ita ma ta faɗa, har wata huɗu.

Wani dare, shayi ya huce gefen takardun bincike,
ta tsinci abin da ya hana ta barci:
ba rabuwa kaɗai ake kallo ba, a dubi dawowa.

Da yamma ta duba.
Uwa ta shigo. Yaro bai ɗago ba,
sai dai ya damƙe tubali
har farcensa ya yi fari.

Ashe shiru ma kuka ne
da ya gaji da jiran amsa.

Washegari ta zauna ƙasa, taku biyu daga shi.
Haka gobe, haka jibi.
Rana ta goma sha tara, ruwa na dukan kwano,
ya miƙo mata jan tubali,
idonsa na bango.

Ta karɓa da hannu biyu.